Shafin Goggo a Littafin Yaya Isiyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isiyaku, kuma da ba don wani ɗan ƙara da na ji a ɗakina a farkon damunar nan ba, da bana ma abin da na saba zan yi: in dafa abinci in raba sadaka, in yi masa addu'a, in kama bakina. Bayan azahar ne, gida ya yi tsit, ina zaune ina tsintar shinkafa a faifai. Sai na ji kar-kar-kar daga ƙarƙashin gado. Na tsaya, ya tsaya. Na ci gaba da tsinta, ya ci gaba. Ɓera ne ya huda akwatin katakon da aka ba ni da kayan Yaya bayan arba'in ɗinsa, akwatin da na yi ta yawo da shi daga gidanmu zuwa gidan aure ba tare da na taɓa samun ƙarfin zuciyar tono shi har ƙasa ba.

Ranar dai dole ta sa na tono. Na fid da rigarsa ta zuwa ofis, da hula biyu, da takalmin rangadi wanda har yanzu da busasshiyar laka a dunduniyarsa. A can ƙasa na tarar da wani littafin rubutu mai baƙin bango. Ɓeran ya ci kusurwarsa ta ƙasa, ya bar mini garin takarda kamar dussa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Isiyaku malamin daji ne na En'e, wato hukumar gargajiya, a nan Birnin Gwari. Da ya gama kwaleji aka ɗauke shi. Aikinsa ya bi iyakar gandun daji a keke, inda keke ya gaza ya bi da ƙafa, ya sa wa itatuwa alama, ya saurari kukan manomi da na makiyayi, ya dawo ya rubuta wa Baturen daji. A wani rangadi ta wajen Tabanni zazzaɓi ya kama shi. Mutum huɗu suka ɗauko shi a gadon kara. Kwana biyu ya yi a gida, a na uku aka kai shi makwancinsa. Bai yi aure ba, ana cikin shiri ne. Ni a lokacin ina makarantar 'yan mata ta kwana, sai da aka share makoki labari ya iske ni. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na ɗauka littafin na aiki ne, in ga sunayen itatuwa da na ƙauyuka. Ashe mutane ne a ciki. Kowane shafi mutum guda. Ga wani mai gadin daji da ba ya tsoron kura amma in ya ji kukan kudan zuma sai ya yar da sanda. Ga wani Arɗo da ya san kowace saniya tasa da suna da sunan uwarta, amma jikokinsa sai ya kira uku kafin ya dace da wanda yake nufi. Ga wanzamin garin Gayam da ke fara labari a kan mutum ɗaya ya ƙarasa shi a kan na gaba. Har Baturen daji yana ciki, mai gaida mutane da "ina kwana" da la'asar sakaliya. Ina karantawa ina jin muryar Yaya kamar yana bayan ƙofa. Sai na buɗe wani shafi kusa da ƙarshe, na ga an rubuta a samansa: Goggo.

A nan ne na tuna da wani mawaƙin Ingila, wanda rabona da in tuna da shi tun ina budurwa.

A hutun ƙarshe da muka yi tare ne. Yaya yana tsugune a gindin durumin ƙofar gida yana liƙe tayar kekensa, ni ina riƙe masa kwanon ruwan da yake neman huda a ciki. Sai ya ce, "Kuluwa, a garin nan in aka ce miki makaɗi ya sa sunanki a waƙa, me za ki fara tambaya?"

Na ce, "In tambaya yabo ne ko zambo mana."

Ya ce, "To, na gamu da wanda in an yi miki wannan tambaya a kansa sai ki rasa amsa."

Ya ba ni labari. Wai wani mawaƙi ne da ya rayu a Ingila ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu, wanda Turancinsa ma Turawan yanzu sai da taimako suke gane shi. Ya zana mutanen zamaninsa a waƙa, ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wata mace da ta ba da rayuwarta ga ibada irin ta addininsu. Mawaƙin bai faɗi aibinta ko ɗaya ba. Yabonta ya yi ta yi, sai dai yabon duk a kan ƙananan abubuwa ne, irin tsabtarta da ladabinta da saurin tausayinta, babban abin da ake sa ran ji game da mai ibada kuwa ya bi ta gefensa ya wuce. Yaya ya ce malamansu biyu a kwaleji, duka Turawa, sun yi ta ja-in-ja a kan wannan mata. Ɗaya ya ce dariya mawaƙin yake yi mata a ɓoye. Ɗaya ya ce a'a, sonta yake yi da duk rauninta. Har 'yan aji suka rabu biyu.

Na ce, "Kai wanne ka bi?"

Ya ɗaga tayar yana duban inda kumfa ke fitowa, ya ce, "Ni dai na ga ya daɗe yana kallonta. Wanda ka tsana ba ka daɗewa kana kallonsa."

Na ce, "Ai maƙiyi ma yana kallo, Yaya."

Ya ce, "Yana kallo, amma abu ɗaya yake nema, da ya samu ya tafi. Riƙe kwanon da kyau, kina zubar mini da ruwa."

Da na koma makaranta na tambayi Baturiyar da ke koya mana Turanci. Ta yi mamakin inda na ji labarin, sa'an nan ta yi dariya ta ce babu wata tantama, ba'a ce, mutumin ya iya yanka ne ba tare da an ga jini ba. A lokacin ban damu ba. Me ya haɗa ni da wata mata da ba a ma tabbatar ta taɓa rayuwa ba? Ban san wata rana amsar Baturiyar nan za ta hana ni cin abinci ba.

Goggo ƙanwar mahaifinmu ce. Zan kira ta Goggo kawai, kuma abin da zan kawo daga shafinta kaɗan ne, wanda duk unguwarmu ta riga ta sani. Ta haihu sau huɗu, babu wanda ya tsaya. Da mahaifiyarmu ta rasu, Yaya yana ɗan shekara goma ni ina rarrafe, ita ta kwashe mu. Ni ta raine ni, amma shi ta ɗauke shi ta sa a ƙahon zuciyarta, kuma ban taɓa jin haushin haka ba don kowa ya san shi zai gane dalili. Yanzu ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, tana zaune a tsohon gidanmu tare da iyalin Baffa, ƙanin mahaifinmu. Butar alwalar Yaya tana nan a ɗakinta, ba mai taɓawa. Duk salla biyar sai ta ambace shi, da ƙarfi, yadda na tsakar gida ma zai ce amin.

Ga abin da ya rubuta:

"Goggo ba ta gulma. Ita da kanta take faɗa, kuma takan faɗa ne dab da za ta fara. Tasbaharta ba ta tsayawa ko da tana faɗa da maƙwabta, ta iya ja da dama tana nuni da hagu. Ranar da shirwa ta ɗauke mata wani farin ɗan tsako ta yi kuka har ta kasa cin tuwo, tana cewa Allah sarki, maraya ne. Bai zama maraya ba sai da ta sa aka yanka mana uwarsa da salla. Dokar gandun daji ba ta hau kanta ba, domin ita ta goyi malamin daji. In mai gadi ya tare ta da ɗanyen itace a ka, sai ta sauke ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, kafin ta gama lissafa masa kakanninsa shi ne zai ɗora mata kayan. Kullum akwai tsoka a binne ƙarƙashin tuwona. In na tono, sai ta ce ita ba ta san zancen ba."

Saura layi uku shafin ya ƙare, kuma nan ne daidai inda ɓeran ya ci. Abin da ya rage farkon layukan ne kawai. Na farko, "Amma ni". Na biyu, "duk da". Na uku, "har in".

Da farko dariya na yi, har da hawaye. Sai dariyar ta yanke. Babu wasa tsakanin Yaya da Goggo. Da kaka ce, da sai in ce jika ne yake tsokanar kakarsa, kowa ya yi dariya a tashi. Da taubashiya ce, ko a kasuwa ya faɗa babu laifi. Amma goggon da ta goye ka uwa ce. Ban taɓa ganin ya haɗa ido da ita ba. Da kayan ofis a jikinsa yake tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa ya gaishe ta, ba ya tashi sai ta sallame shi. Ko a wannan shafin bai iya rubuta sunanta na yanka ba. To ta yaya abin da bakinsa ba zai taɓa furtawa ba ya bi ta alƙalami ya fito?

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuma shi ne abin da aka karantar da mu tun muna yara, cewa in ka faɗi abu game da ɗan'uwanka a bayan idonsa wanda in ya ji ba zai so ba, ka ɗauki haƙƙinsa, ko da abin gaskiya ne. Maganar baki takan bi iska. Wannan kuwa shekara goma sha ɗaya tana kwance a ƙarƙashin gadona. Na riƙa tambayar kaina, shin duk karantawar da aka yi ana ƙara rubuta masa ne? Ni kaɗai na karanta sau huɗu a yini guda. Ina raba masa sadaka da hannu ɗaya, ina jawo masa nauyi da ɗayan?

Na gaya wa maigida. Ya karanta, ya danne murmushi da ya ga fuskata, ya ce zai tambayi limamin unguwa ba tare da ya kama suna ba. Amsar da ya kawo ba ta sauke mini komai ba. Liman ya ce in mai shafin ba za ta so ba, to haƙƙi ne, a shafe rubutun a nema wa mamaci gafara a yi wa ita ma addu'a. In kuwa ana ganin neman yafewarta ba zai jawo ɓarnar da ta fi wannan ba, to shi ya fi. Wa zai gaya mini ko za ta so ko ba za ta so ba? Wa zai gaya mini da wace zuciya ya rubuta? Mai amsar yana ƙarƙashin ƙasa, ɓera kuma ya cinye inda wataƙila ya bar mini ita.

Sau biyu ina kai littafin bakin murhu. Sau biyu ina dawowa da shi. Rubutunsa ne, da yadda yake jan wutsiyar harafi kamar ƙugiya, da inda tawada ta ɗiga ya goge da yatsa. Ba shi da ɗa, ba shi da hoto. In na ƙone wannan, me ya saura?

Ina cikin wannan jeka-ka-dawo 'yata Jummai ta yanke mini hukunci ba da saninta ba. Shekararta takwas, tana aji biyu a elementare, ta kai lokacin da yaro ba ya barin rubutu ya wuce shi, ko na gwangwanin madara ne ko na jikin lori. Ita ke kai wa Goggo abincin rana kullum, suna tsokanar juna irin ta kaka da jika. Ta ga littafin a kan tabarma, ta buɗe, ta haɗa haruffa biyar na sunan Goggo, ta je ta kai mata labari. Ranar nan ta dawo daga kai abinci tana tsalle, ta ce, "Inna, Goggo ta ce ki zo mata da takardar ɗanta."

Kwana uku ina kawo uzuri. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na yi tunanin abin da bai kamata ba. Goggo ba ta karatun boko, ba ta ma gani. Ina iya riƙe littafin in karanto mata abin da babu a ciki, in jero mata yabo har ta yi barci da murmushi. Na ma fara shirya kalmomin ina daka. Sai na ga ƙarya ce zan sa a bakin mamaci, wanda ba shi da halin cewa ban faɗa ba. Ga kuma Jummai, wadda za ta zauna a gefena tana bin layi da ido.

Ranar da na tafi, hanyata ta bi ta bakin kasuwa. Wata motar 'yan siyasa tana tsaye da lasifika, ana rera waƙa, ana kiran wani mutumin garin nan da suna ana siffanta tafiyarsa da cikinsa, jama'a suna shewa. Makon da ya wuce motar ɗaya ɓangaren ce ta tsaya a wurin, ta yi wa wani irin haka. Yanzu da ake ta cewa Turawa sun kusa tafiya mulki zai dawo hannunmu, waƙa ta zama iri biyu tak, namu a yabe shi har sama, nasu a tuɓe shi a bainar jama'a. A unguwarmu akwai wa da ƙani, ciki ɗaya, da suka daina zama a tabarma ɗaya. Na ƙara matse littafin a cikin mayafina. In shafin Arɗo ko na wanzamin Gayam ya faɗa hannun masu lasifikar nan, ba wanda zai tsaya tambayar da wace zuciya aka rubuta. Sanda za a mai da shi.

Nakan yi tunanin abin da Yaya zai ce da yana nan. Da yanzu wataƙila shi za a ba kujerar Baturen daji, ya sha fama. Manyan motoci suna fita da gungumen maɗaci ta hanyar Kaduna fiye da yadda ya sani. Mutanen Kusasu da suka zo mana gaisuwa kwanan baya suna cewa gona ta matse, masu shanu ma suna cewa burtali ya matse, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya cinye masa. Shi da ya zauna a rugar wannan ya sha nono, ya zauna a bukkar wancan ya ci tuwo, ya rubuta kowannensu da abin dariyarsa da abin tausayinsa a shafi ɗaya, ban san ko za a bar shi ya tsaya a tsakiya ba. Ina jin tsoron zamanin da ke zuwa ba shi da wurin mutum irinsa. Ina kuma jin tsoron in ni ce nake ƙawata shi don ya mutu, alhali shi ma dariya kawai yake yi mana.

Na tarar da Goggo a ƙarƙashin rumfa tana tsince ƙwarar kaɗanya a ƙwarya da laluben hannu, tasbaha rataye a wuyan hannunta. Na durƙusa na gaishe ta. Jummai ta zauna ta jingina da ita.

Ta ce, "Kin ga dama, 'yar boko? Kwana uku ina aike. Na ce ko sai na kai ƙara gaban Joji."

Na ce, "Ruwan sama ne, Goggo."

"Ruwan da bai jiƙa Jummai ba. Kin zo da ita?"

"Na zo da ita."

Ta ture ƙwaryar gefe, ta kakkaɓe hannu, ta gyara zama. Ta ce, "Kafin ki fara, gaya mini in san irin zaman da zan yi. Yabo ne ko zambo?"

Tambayar da na ba Yaya amsa da ita a gindin durumi, ita ce ta dawo mini daga bakin Goggo. Na ce, "Wallahi ban sani ba, Goggo."

"Duk karatun nan da aka kashe miki? To karanta, ni zan sani."

Na yi bisimilla na fara. Da na karanta cewa ba ta gulma, ta ce, "Gaskiya ne." Da na ƙarasa layin, sai na ga yatsunta sun tsaya a kan tasbaha. Na zo kan ɗan tsako, ta katse ni.

"Ba fari ba ne. Wake-wake ne. Yaron nan bai taɓa sanin kaji ba."

Da na kai wurin mai gadin daji, Jummai ta fashe da dariya har tana faɗuwa a cinyarta. Goggo ta lalubo kunnenta ta ja, ta ce, "Rufe mini baki, mai giɓi kamar ƙofar gari. Ubanki ma ya ɗora mini kaya, balle wani mai gadi." Na ji sanyi kaɗan a raina. Sai na karanta layin tsoka.

Ina jin matar Baffa tana ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya can cikin gida. Goggo ta ɗaga fuskarta wajen inda ba ta gani, ta ce a hankali, "Ashe ya sani."

Ta ce, "Ci gaba."

Na ce, "Ɓera ya ci sauran, Goggo. Farkon layi uku ne kawai ya rage." Na karanta mata su.

"Amma shi me?"

"Ban sani ba."

"Har ya me?"

"Ban sani ba, Goggo."

Na matsa na kama ƙafarta, ina kuka, na ce, "Goggo, don Allah in akwai abin da ya ɓata miki rai a ciki ki yafe masa. Ba shi da bakin roƙo, ni nake roƙa masa." Ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma dafa kaina yadda ta saba ba. Ta ce, "Ajiye takardar nan ki tafi, la'asar ta yi, mijinki zai dawo." Ta juya fuskarta wajen danga.

Ban taɓa ganin kwana biyu masu tsawon waɗanda suka biyo baya ba. Jummai ta kai abinci ta dawo da shi kusan yadda yake. Matar Baffa ta aiko mini cewa tsohuwa ba ta magana, kuma duk wanda ya san Goggo ya san wannan ya fi ciwo ban tsoro. Na tambaya ko tana ambaton Yaya bayan salla, aka ce ana ganin leɓenta yana motsi amma ba a jin abin da take cewa. Na ce shi ke nan, na kashe shi sau biyu. Yana da mutum ɗaya a duniya da ke kiran sunansa sau biyar a yini, na je na karanta mata abin da zai sa ta daina. Na zargi ɓera, na zargi Jummai, na zargi mawaƙin Ingila da ya koya wa yayana wannan irin kallo, daga ƙarshe na dawo kan kaina.

A cikin kwanakin nan biyu na auna abin da ya rage na Yaya Isiyaku. Itatuwan da ya sa wa alama an sare da yawansu. Turakun iyakar da ya kafa an matsar da wasu. Wani ne a kujerarsa, kekensa ma an sayar tun shekarar. Abin da ya bari shi ne mutum ashirin da wani abu a cikin littafi mai baƙin bango, kowannensu da ransa, har wanda ya riga shi mutuwa yana motsi a ciki. Ya kuma bar mini ciwon kallo. Tun da na karanta, ba na iya ganin maƙwabciyata a matsayin mai rowa kawai, sai na ga kuma yadda take ɓoye wa jikanta ƙanzo. Ban sani ba ko wannan alheri ne ko fitina.

Game da mawaƙin da matar nan mai ibada da ya zana, har yau ban san wa ya yi daidai ba tsakanin Baturiyata da yayana. Wataƙila shi kansa mawaƙin bai raba abin biyu a zuciyarsa ba, yana murmushi ne yana kuma jin tausayi a numfashi ɗaya, mu ne muka matsa sai ya zaɓa. Abin da na lura da shi ɗaya ne. Waccan matar ba ta da bakin da za ta tanka masa, abin da ya ce a kanta shi ke nan har abada, malamai su yi ta gardama a kanta. Goggo kuwa ta samu ta gyara masa launin ɗan tsako. Hukuncin shafinta ba a hannun liman yake ba, ba a hannuna ba. A hannunta yake, kuma har ranar da nake ba ku labari ba ta furta kalmar yafewa ba, ba ta kuma ce akwai abin yafewa ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa yayana a addu'a, Allah ya dube shi da rahama, ya yi masa hukunci da abin da ke cikin layukan da ban samu na karanta ba.

A rana ta uku na tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na binne tsoka a ƙarƙashi ban san dalilin da ya sa na yi haka ba, na ba Jummai. Na kasa zama, na kasa aiki, ina tsaye a bakin ƙofa har ta ɓullo. Ta miƙo mini kwano, na buɗe, wayam.

Na ce, "Ta ci?"

"Ta cinye. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, wai boko ya lalata miki hannu."

Na ce, "Littafin fa? Ta sa an ƙone?"

Jummai ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, "Yana cinyarta, Inna. Ta ce in kama yatsanta in ɗora mata a daidai inda Kawu ya rubuta Goggo. Na ɗora mata. Har na taho ba ta ɗauke ba."